Ƙahon da Ba Ya Busuwa

Greensboro, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Baba, yaya idon nasa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, amaryarki Rahama tana gaishe ki.

Kin ga na koma rubutu da biro ina ɗaukar hoto ina turo miki. Ke kika ja. Duk saƙon murya da na aiko a tsakar gida kike buɗe shi, Baba kuwa ido ne ya tafi, kunne yana nan garau. Wannan maganar tsakanina da ke ce.

Saƙonsa ya iso. Ƙahonsa na busa ya tsage, kuma tunda ya ji barewa a ƙasar nan har cikin gari take yawo, yana so in harbo namiji da hannuna in aiko masa da ƙahon, ya busa a taron maharba kafin azumi. Shekara goma sha ɗaya da barina Ningi, wannan ne abu na farko da ya taɓa nema a wurina. Kin san ni ne ɗan da ya bar baka ya kama boko, kuma kin san bai taɓa cewa komai a kai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

To na yi lasin ɗin farauta. Akwai wani abokin aikina a sito, Eric, mutumin kirki, yana zaune a Sedgefield amma yana da daji nasa na kansa, tafiyar awa guda daga gari. Jiya ya kai ni in ga wurin farautarsa. Yaya, tir! Ɗaki ne na katako a kan ƙafafu huɗu, da tsani, da tagogi masu zugewa. A ciki akwai kafet, da kujera mai juyawa irin ta ofis, da hita mai ɗumama ɗaki, har da wurin ajiye kofin shayi. A gaba kaɗan ga durom a rataye, da injin da ke watsa masara safe da yamma. Tun bazara ake ciyar da dabbobin nan har suka saki jiki. Ranar da aka ga dama sai a zuge taga.

Ya nuna mini wayarsa. Kyamarar da ya ɗaura a bishiya tana turo masa hoton duk wanda ya zo cin abinci. Akwai wani namiji mai ƙaho reshe takwas, bakwai da minti goma yake zuwa kullum kamar ma'aikaci. Wai shi ya ware mini. Na san Baba ma yakan yi kwanto a mashaya, amma ba shi ya haƙa mashayar ba, kuma sauro da shi da dabbar duka yake ci. Wannan kiwo ne, sai dai makiyayin yana ɓoye a sama da bindiga. Na yi masa godiya, na ce ni da ƙafa zan shiga.

Ki ce wa Baba ana nan ana shiri.

Ƙaninki,
Garzali

Greensboro, 14 ga Disamba

Yaya Rumasa'u,

Salamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyi, yaya Baba? Ki gaida kowa da kowa.

Asabar huɗu ke nan ina shiga dajin Eric da ƙafa, ko kunnen barewa ban kawo gida ba. Kada ki yi dariya. Busasshen ganye ya rufe ƙasa ko'ina, duk takun da na yi sai ka ce leda ake murzawa. Ga riga mai ruwan lemo da doka ta ce dole a saka, ga tumbin da Rahama ta tara mini. Sau biyu na hango bareyin, farar wutsiya kawai na gani tana shigewa kurmi. Abin da Baba ya koya mini na karanta sawu da bin iska, wallahi rabi ya zube a hanya.

Asabar ɗin da ta wuce na gwada wata dabarar maharban nan, ɗan dandamalin ƙarfe da ake maƙalawa a jikin bishiya, mutum ya hau ya ɗaure kansa da bel. Wannan ko ba komai iska tana dukanka, dabba tana iya jin warinka. Awa uku ina maƙale, ƙafafuna suka mutu, na yi atishawa sau ɗaya dajin ya watse. Daga can ina hango ɗakin Eric, tagarsa ta yi gumi saboda ɗumi, shi da kofinsa.

Da muka fito ya yi mini nasiha. Wai daga ɗaki hannu ba ya rawa, harsashi ɗaya dabba ta faɗi ba wahala, masu yawo da ƙafa su ne ke jikkata ta ta je ta mutu a wani rami. Abin haushin shi ne maganarsa da ƙamshin gaskiya. Amma har yanzu in na tuna kujerar nan ƙyamarta nake ji.

Ranar ɗaya ga Janairu ake rufe farauta. Kin ce kullum bayan la'asar sai Baba ya tambaya ko ƙaho ya taso, har ya gaya wa abokansa. Don Allah ki daina gaya mini.

Naki,
Garzali

Greensboro, 3 ga Janairu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya.

Na hau ɗakin Eric. Ranar Asabar ta ƙarshe, bayan na yi sallar asuba a gefen mota. Na zauna a kujerar, kuma abin da ya fi ba ni ƙyama, daɗi gare ta. Bakwai daidai inji ya watsa masara. Bakwai da minti goma mai reshe takwas ɗin nan ya fito, ko waige bai yi ba, ya sunkuyar da kai kamar akuyar gida. Na zuge taga, na yi bisimilla, na ja kunamar bindiga. Na sauko da gudu na same shi da sauran rai, na yanka da wuƙar da Baba ya ba ni ranar da zan taho. Masara na zubowa daga bakinsa tana haɗuwa da jinin. Eric yana ta dukan kafaɗata yana ɗaukar hoto. Naman yana firiza, Rahama ta yi farfesu, na kasa kai loma.

Sannan ga wautar da ba wanda ya hango, ni da Baba duka. Da na yanke ƙahon da zarto sai na ga ba rami. Ƙahon barewar nan ba irin na gwanki ba ne, ƙashi ne cur har tsakiya, wai ma duk shekara faɗuwa yake wani ya fito. Na juya shi ta ko'ina, ba inda iska za ta bi.

Kin ji wayar da na yi da Baba shekaranjiya, ke kika riƙe masa. Na ce tun asuba na ɗauki sawu har la'asar, na tsallake rafi biyu. Ban shirya faɗin haka ba, ina jin muryarsa sai bakina ya tafi. Alhaji Habibullahi na masallacinmu zai taho gida jibi, na ba shi ƙahon. Ki rufa mini asiri.

Garzali

Greensboro, 10 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaisuwa cikin ladabi, ina fatan jiki da sauƙi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na roƙi Yaya Rumasa'u ta karanta maka wannan har ƙarshe, kada ta tsallake layi ko ɗaya.

Na ga bidiyon taron maharba. Na ga an riƙo hannunka zuwa tsakiyar fili cikin rigarka ta layu. Na ga ƙahon yana zagaya hannun dattawa, kowa ya nemi bakin busawa ya rasa, aka yi dariya, kai kuwa ka karɓe shi ka ɗaga sama ka ce ba busa ce ta dame ka ba. Sai ka yi mini kirari, Baba. Ka kira sunana, ka ce mai bin sawu daga asuba zuwa la'asar a dajin da ba na ubansa ba. Tun ina yaro nake jiran ranar nan. Da ta zo, a wurin ajiye motoci na sito na kalla, na kashe wayar na kifa kaina a sitiyari.

Ban bi sawu ba. Ban tsallake rafi ba. A cikin ɗakin katako na zauna, a kan kujera mai laushi, da wuta tana ɗumama mini ƙafa, na harbi dabbar da aka yi wata shida ana ciyarwa har ta daina tsoro. Minti goma na jira. Wata biyu ina zagin Eric da ɗakinsa, alhali shi bai taɓa ce wa kowa da ƙafa ya bi ba. Ni na faɗa, kuma ga makaho na faɗa, wanda ba zai iya duba hoton ba.

In ka ce a janye kirarin, a janye shi a gaban waɗanda suka ji. In ka ce in dawo da wuƙarka, duk mai tahowa na farko zan ba shi. Baɗi in da rai zan koma dajin da ƙafa, in ban samo komai ba zan gaya maka ban samo ba.

Saura abu ɗaya, wanda ko Yaya ban gaya wa ba. Kai ka koya mini cewa maharbi yana buɗe tumbi ya ga abin da dabba ta ci, don ya san inda ta fito. A waya ka tambaye ni me na samu a tumbinsa, na ce ganye. Masara ce, Baba. Ana gobe zan hau, durom ɗin ya kusa ƙarewa, ni na ɗauki buhun a kafaɗata na cika shi.

Ka yafe mini.

Ɗanka,
Garzali