Rumbun Zakka da Irin Shukarmu

Zuwa ga Fasto mai kula da ikkilisiyoyin ƙasar Jibiya, da dattawan da ke tare da shi.

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Bayan haka, Baba Fasto, ni ne Yohanna ɗan Nomau, daga ƙauyenmu na bayan Bugaje. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da rubutun. Ina roƙo a karanta takardar nan a gaban jama'a, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Na ɗaya. A gidajenmu na gado, irin shuka a rumbun maigida yake kwana, kuma kafin a fitar da shi sai an yanka jan zakara an yayyafa masa jini. Da muka yi baftisma, Malam Ishaya, mai bisharar da kuka aiko mana, ya ce wannan bai dace da mu ba. Ya ce mu riƙa ajiye irinmu a rumbun zakka na majami'a. Muka yarda. Bara na sami dami talatin na gero, na ware uku na kai zakka, da zuciya ɗaya. Na kuma zaɓi manyan zangarniya na ɗaure daban da jar kaba na kai rumbun, shi ne irina. Gida bakwai suka yi haka. Zakka ta Ubangiji ce, mun ba da. Iri kuwa ajiya ce.

Na biyu. Da bazara na je share harabar majami'a, sai na ga lakar bakin rumbu sabuwa ce, ko bushewa ba ta gama ba. Ga kashin jakuna, ga sawu ya yi arewa, ba ta hanyar 'yan kwastan ba. Na tambayi Malam, ya ce aikin Ubangiji ne, in bar shi. Na bari. Daga baya wani mai jakuna na Magama, wanda bai san ni mai bi ba ne, ya gaya mini shi ya kai hatsin ƙasar Faransa, wato Nijar, wajen Maraɗi, don can ya fi tsada, aka biya da kuɗinsu, aka canza a Jibiya. Yanzu an ce kwanon rufin majami'a za a saya da kuɗin.

Ban ce Malam ya ci ba. Mutum ne da ya yi jinyar uwata da hannunsa. Amma dami nawa aka fitar, nawa aka sayar, nawa aka ba mai jakuna, kuɗin yana hannun wa, babu wanda ya sani cikinmu. Ba a kira dattijo ko ɗaya ba. Ashe abin da aka tara a gaban kowa ba sai a buɗe shi a gaban kowa ba?

Na uku. Ruwan fari ya sauka makon jiya. Muka je karɓar iri, aka fasa laka, rumbu wayam. An kwashe har da masu jar kaba. Malam ya ce mantuwa ce. Na yarda mantuwa ce, amma maƙwabtanmu sun shuka, mu muna kallo, kuma ba a shuka kwano.

Na huɗu, wannan ya fi yi mini nauyi. Mahaifina yana kan al'adar kakanni. Bai zage ni ba. Cewa ya yi su in sun yanka akuyar tsafi, a fili ake feɗe ta, a fili ake raba nama, har yaro ya san inda ƙafa ta tafi. Sa'an nan ya ce akwai iri a rumbunsa, zai ba ni, amma sai na riƙe ƙafar zakara da hannuna ranar yanka. Na ce ya ba ni lokaci zuwa ruwa na gaba. Ina da mata da jariri.

Abin da muke roƙo shi ne, a ɗebo daga kuɗin kwanon a saya wa gidajen nan bakwai iri tun ƙasa na da laima. Rufin ciyawa bai taɓa hana mu addu'a ba. Ku zo da kanku, ko ku aiko dattijo, Malam ya faɗi lissafi a gaban jama'a, ba don a kunyata shi ba. Daga yanzu kuma kada a fasa bakin rumbu sai da mutum biyu da ikkilisiya ta zaɓa.

Allah ya ƙara muku hikima da lafiya, ya riƙe ku cikin aikinsa, ya ba mu damina mai albarka. Ba na so in riƙe zakaran nan, Baba. Amma hadari ya fara haɗowa a gabas, sai ku hanzarta.

Wassalam.

Ni ne ɗanku cikin Ubangiji,
Yohanna ɗan Nomau.