Furen da Ya Yi Saura

Milutin, sanyin idona, inuwar kurmin da nake fakewa, zumar ƙarshen kaka, ya kai maƙaryacin da na fi so a duk tsawon gaɓar Kogin Danube!

Ka tuna ranar da ka hau da ni kan dutsen gandun dajin nan da gwamnati ta ba ka tsaronsa? Iska na kaɗawa, ka yafa mini rigar aikinka, ka nuna mini inda tsohon garinmu yake kwance a ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin: can coci, can kasuwa, can makabartar da aka bar mahaifiyarka. Na karanta duk abin da aka rubuta a kan kwazazzabon nan da kogin ya ratsa, tun daga hanyar da Rumawa suka sassaƙa a jikin dutse har zamanin Turkawa, amma tarihi bai taɓa shiga ƙirjina ba sai da muryarka. Ran nan na ba ka zuciyata, ko ciniki ban yi ba.

Shi ya sa ban taɓa cewa uffan ba da kake ɗaukar kwalekwale kowace Asabar, kai kaɗai, wai za ka zuba wa marigayiya furanni a kan ruwa. Sai jiya Gwaggo Persa mai furanni ta tare ni da murmushin nan nata, wai ina nake jera waɗanda kake kawo mini, tunda kullum sai ka sa ta ƙara guda a kan ɗaurin. Guda a kai, Milutin! Ko ɗan yaye a garin nan ya san bibbiyu ake kai wa matattu, mai rai ake bar wa saura ɗaya. Ni dai ko ganye ban gani ba. To wace mai numfashi ce a tsallaken kogi? Ko kifaye ka fara nema da aure?

Ko kuwa, ya ruhina, zuciyarka ce har yau ta ƙi binne uwar da ba ka da kabarinta da za ka durƙusa a kai, shi ya sa kake kai mata furanni irin na masu rai? In haka ne, don me ka ɓoye mini, ka bar ni ina ci kamar wutar daji?

Asabar za ka same ni a bakin gaɓa. In mahaifiyarka ce, ni zan riƙe furannin, mu yi kukan tare. In wata ce, ka faɗa tun ƙafarmu na kan tudu, don a tsakiyar kogi ba zan ɗau alkawarin abin da hannuna zai yi da filafilin tuƙin kwalekwalen ba.

Taka, ko ka cancanta ko ba ka cancanta ba, har ƙasa ta rufe idona,
Zagorka