Libarbar Baba da Katakonta

Guna, 9 ga Mayu 2005

Zuwa ga Yaya Tahiru, Zango, Damagaram.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Indo da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko hanyar Guna ta ɓace maka ne.

Yaya, rumbu ya ƙare. Abin da fari ya bari bara, fara ta cinye, ka sani. Yau sati uku 'ya'yan anza na daji Inna da ƙanwarmu Kulu suke jiƙawa muna ci. Irin shuka ma babu ko tiya ɗaya, ga damina tana matsowa.

Maganar libarbar Baba ce, ƙaramar bindigar nan, ta sa na rubuto, wadda ka ɗauka ranar addu'ar bakwai ka ce ajiya ce. Ka san Ba'amurken da Baba ya yi wa direba lokacin haƙar rijiyoyi a yunwar saba'in da huɗu ne ya ba shi ita. Mai Nasara direba ya ce akwai wani Alhaji Modu, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke tara tsofaffin bindigogi da izinin hukuma, kuma da hatsi yake biya. Ka kai masa ya kimanta. Roƙona ɗaya, ka kai ta yadda Baba ya bar ta, cikin kwalinta. Shekara talatin bai bari an taɓa ta da komai ba sai tsumma da ɗigon mai. Ina ganin da dalili.

Ƙaninka, Alkasum.

Damagaram, 14 ga Mayu

Alkasum,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarka, da kyar na karanta, rubutu kamar kaza ta yi tono. Kai da ka gudu daga lakwal a aji huɗu, yau kai ne za ka koya mini ciniki? Shekarata ashirin a kasuwa. Wa ka taɓa gani ya kai rago kasuwa bai wanke shi ba?

Bindigar farin ƙarfe ce, irin wanda ba ya tsatsa, amma ta dushe. Na sa Indo ta goge ta da toka da yashi, yanzu sai ka ga fuskarka a jiki. Tsohon katakon mariƙinta duk ya yi baƙi da gumin hannu. Na kai wa Garba baduku ya cire shi, ya naɗe mariƙin da jar fata da adon kore, aikin Damagaram na gaske. Kwalin kuwa shara ne. Buhu goma zan karɓa, ba ragi.

Ni ne babba, ni zan sayar, ni zan san abin da zan aiko. Ranar Alhamis zan kai ta. In kana son kallo ka zo, amma bakinka a rufe.

Yayanka, Tahiru.

Guna, 22 ga Mayu

Yaya Tahiru,

Ina gaisuwa. Ka ce in rufe bakina, na rufe. Ido ne ba ka hana ni ba.

Ranar Alhamis da Alhaji Modu ya ce buhu biyu, kai ka tashi kana ce masa ɓarawon tsoho mai cin gumin marayu, ka fice da bindigar. Ni kuwa tun shigarmu nake kallonsa. Ƙyallin da kake taƙama da shi ko sau ɗaya bai duba ba. Ya buɗe gangar harsashin, ya karanta lamba, sai babban yatsansa ya dinga shafa jar fatar nan kamar mai neman abin da ya ɓace. Kuma na ƙirga bindigogin da ke jikin bangonsa, goma sha ɗaya, babu mai sheƙi ko ɗaya, duk da tsohon katakonsu.

Da ka tafi na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ka nema ba ka samu ba?" Ya ce, "Ɗana, yayanka kayan lefe ya kawo mini. Mai son harbi sabuwa yake saye. Mu masu tarawa shekarunta muke saye, shi kuwa ya kankare su da toka." Ya ce irin wannan tana cikin na farko da aka ƙera da farin ƙarfe, kuma a cikin katakon, ta ɓangaren da ido ba ya gani, masu ƙira suna buga lambar da ke jikin ƙarfen. Haka a gefen kwalin. In lambobin uku suka zama ɗaya, buhu goma sha biyu ne. In babu, biyun nan ma alfarma ce.

Daga can wajen Garba baduku na wuce. Na tarar yana goge fata da ɓari ɗaya na katakon, ɗayan yana cikin kwandon tarkace. Ya ce in kwashe, ya huta. Kwalin kuwa Indo ba ta yar ba, allura da zare ta zuba a ciki, ta juye ta ba ni. Na duba lambobin da idona, ɗaya ne. Aji huɗun ya isa wannan.

To, ƙarfe yana hannunka, katako da kwali suna hannuna. Sharaɗina: hatsin ya hau motar Mai Nasara daga gidan Alhaji zuwa ƙofar Inna, Liman ya raba yadda addini ya ce, kai ma ka ɗauki naka.

Alkasum.

Damagaram, 26 ga Mayu

Kai Alkasum,

Babu gaisuwa tsakanina da munafuki. Ka shiga gidana bayan idona, ka yaudari matata, ka tsince abin da na zubar, yanzu kana kafa mini sharaɗi? Ni na goya ka a bayana zuwa gona, ɗan banza.

Kuna can kuna cewa Tahiru yana birni yana cin shinkafa. Ka shiga shagona ka ga abin da ya rage? Ashana da sabulu uku. Babur ɗin da nake kabu-kabu da shi na sayar tun watan jiya. Yarana sau ɗaya suke ci. Da buhu goman nan jari zan tayar, in riƙe ku duka har kaka. Amma kai sai a kira Liman, gari ya ji an tsare ni kamar ɓarawo.

Ka aiko katakon ta hannun Mai Nasara. In ba haka ba, wallahi in jefa ƙarfen a rijiya kowa ya rasa.

Tahiru.

Guna, 29 ga Mayu

Yaya,

Ni dai ina gaishe ka, ko ba ka amsa ba.

Ban san ka sayar da babur ba. Da na zo na ga wurinsa babu komai, na ɗauka yana wajen gyara. Allah ya mayar da alheri. Amma jari yana iya jiran kaka, shuka ba ta jira. Shekaranjiya an yi ruwa a Takieta, jiya hadari ya haɗu a gabas da mu. In ya sauka babu iri a hannunmu, baɗi ma anza ce. Ƙaramin ɗan Kulu ƙafafunsa sun fara kumbura, ban gaya maka a takardar farko ba don kada ka ce ina ƙari.

Rijiya kuwa ba za ka jefa ba. Na ga yadda ka riƙe ta a gidan Alhaji, da hannu biyu, yadda Baba yake yi. Kuma permin Baba, takardar izinin riƙe ta, yana cikin adudun Inna, Alhaji ba zai saya ba sai da shi. Jandarmomi ma in suka gan ta a gidanka shi za su fara tambaya.

Abu ɗaya ya rage, 'yar ƙusar da ke ɗaure katakon. Garba ya ce kai ya miƙa wa. Ba zan aiko komai ba, da kaina zan zo, ranar da ka sa.

Ƙaninka, Alkasum.

Damagaram, 1 ga Yuni

Alkasum,

Na koma wurin tsohon, na ba shi haƙuri, ya sa na jira a zaure har la'asar. Ya ce goma sha biyu in da ba a goge ta ba. Saboda tabon yashi, goma.

Ka zo jibi da katako da kwali da permi. Ƙusar tana aljihuna. Mai Nasara ya tsaya a ƙofar Alhaji, ka gaya wa Liman ya shirya. Biyun da yashi ya ci a cire daga rabona, kuma kada Inna ta ji dalili.

Kada ka ɗauka na huce. Ka kai yaron Kulu likita.

Yayanka, Tahiru.