Barewar da Ta Tsallake Waya

Tottenham, London
Ranar Lahadi

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka, ga ni na ɗauki biro ina rubuta maka abin da na san ba zai iso ka ba. Ko da ranka ma sai an kai wa malamin firamare ya karanta maka wasiƙuna. Amma tun jiya nake neman wanda zan gaya wa maganar nan, kuma kai kaɗai za ka gane ta.

Shekara biyu ke nan da rasuwarka. Inna tana nan, sai ciwon gwiwa. Yaya Hamisu ya rubuto cewa kwalta ta iso garinmu, an sare rabin dajin da kake farauta, kuɗin mai ya mai da kowa ɗan kwangila. Adakarka tana rataye a zaure, ba mai taɓa ta. A nan kuma surukarka Hajara tana lafiya. Jikarka Zainab ta shiga shekara huɗu, ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci. Ni saura shekara ɗaya in gama a asibitin da nake.

Ba ka san Alhaji Bala ba. Ɗan kwangilar siminti ne, yana da gida a Marylebone. Shi ya tsaya mana da muka zo, ɗakin hayar da muke ciki ma da sunansa aka kama. Makon jiya ya ce ya biya kuɗin farautar barewa a dajin wani Bature, tafiyar awa biyu daga London, yana so in raka shi. Ta yaya zan ce a'a?

A ƙasar nan, Baba, daji ma da mai shi. Kowane taku akwai takardarsa. Da muka isa, mai kula da dajin ya nuna mana wata wayar shinge da ta bi gefen gabas, ya ce iyakar ubangidansa ke nan. Bayanta gonar wani manomi ce, kuma shi da mai dajin ba sa ga maciji da juna, tun da harsashi daga wannan ɓangaren ya kashe masa tunkiya. Ya ce manomin ya rantse duk wanda ya ƙetara da bindiga sai ya kwana a hannun 'yan sanda.

Da hantsi muka gan ta. Barewarsu ta fi tamu girma, ta kusa kai maraƙi. Mai kula da dajin ya ɗaga hannu alamar a dakata, don ba ta tsaya daidai ba. Alhaji bai dakata ba. Harsashin ya same ta a cinya. Ta faɗi, ta tashi, ta nufi gabas da ƙafa uku. Ni na bi jinin cikin ciyawa, kamar yadda ka koya mana, har ya kai ni bakin wayar. Ta tsallake. Tana kwance can ciki, bai fi taku hamsin ba, tana ɗaga kai tana mayarwa.

Mai kula da dajin ya ce a bar ta, shi ba zai rasa aikinsa a kan dabba ɗaya ba. Alhaji ya miƙo mini bindigar, ya ce da Hausa in haura in ƙarasa ta mu jawo ta, babu mai gani. Ya ce in ina tsoro in harba daga nan.

Ka sha gaya mana cewa maharbi ba ya barin dabba da rauni ya koma gida ya ci tuwo. Ka kuma sha gaya mana cewa dabbar da ta faɗa gonar wani, sai an yi sallama da mai gona. Na ga ranar da ka tsaya a bakin gonar Malam Tanko, gada tana kwance cikin geronsa, ka ƙi shiga sai da aka kira shi daga kasuwa. Amma Malam Tanko maƙwabcinka ne, tare kuke sallah. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini yadda zan yi ba idan maganganun naka biyu suka ja ni gabas da yamma?

Ba zan ɓoye maka ba, na karɓi bindigar. Na ɗora ƙafata a kan wayar. Har yanzu akwai shaidarta a tafin takalmina. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, ina jin numfashin barewar, ina jin Alhaji yana cewa in yi sauri. Sai na sauke ƙafar. Na miƙa wa mai kula da dajin bindigar, na tambaye shi hanyar ƙofar gidan manomin. Ya ce sai na zaga ta titi, kusan mil biyu. Ya ce shi ba ya ba ni shawarar zuwa.

Na tafi da gudu-gudu, sauri-sauri. Sai da na hango gidan na dubi kaina. Baƙar fata, baƙo, wando duk jini. Karnuka biyu suka fito suka kewaye ni. Manomin ya biyo su da bindiga mai baki biyu a buɗe bisa hannunsa, yana ganina ya haɗe ta. Matarsa tana tsaye a taga da kan tarho a kunne. Na ɗaga hannuwana duka biyu. Na tuna Hajara da Zainab, na tuna cewa takarda ɗaya daga 'yan sanda ta isa a kore ni daga asibiti da ƙasar baki ɗaya.

Na gaya masa abin da ya faru. Ya tambayi wanda ya yi harbin, na ce ɗaya daga cikinmu ne, kuma kuskure ne namu. Sannan ya tambaye ni abin da ya hana ni haurawa yadda sauran suka saba. Na ce masa ubana maharbi ne, kuma bai koya mini haka ba.

Baba, wannan ne karo na farko da na faɗi sana'arka a ƙasar nan. Duk takardar da aka ba ni in cika, ɗan kasuwa nake rubutawa a gurbin sana'ar uba. Ko Alhaji a bakin wani ya ji. Kunyar warkinka da layunka nake ji. Ranar da ka ce mu shiga daji sau ɗaya kafin in taho, na ce maka ina da karatu. Ba ni da wani karatu. Ka sani, ko ba ka sani ba? Ka dai ce Allah Ya taimaka, ka saɓa adakarka ka fita kai kaɗai.

Manomin ya yi wa matarsa alama ta ajiye tarhon. Ya wuce gaba na bi shi cikin gonar. Mun same ta da sauran rai, ta ja jiki har gindin wata bishiya, ƙasar wurin ta jiƙe. Harbi ɗaya ya yi mata. Na dubi agogona, halin likita. Awa ɗaya da minti ashirin ta yi tana wannan azaba, kuma da na haura da minti biyu sun isa. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a wuya. Na kiyaye haƙƙin mai gona, to haƙƙinta fa? Wa zai ɗauki alhakin awar nan, Alhaji da ya yi gaggawa ko ni da na zaga ta titi?

Naman nasa ne, tunda a ƙasarsa ta faɗi. Ya ɗora ta bayan motarsa, ya kai ni tashar jirgin ƙasa, don su Alhaji sun riga sun tafi. Da zan sauka ya miƙo mini hannu.

Ɗazu da azahar Alhaji ya bugo. Ya ce na kunyata shi gaban Turawa, na je na kai ƙararsa gidan maƙiyi, kada ya sake ganin ƙafata a Marylebone. Ya ce in tuna da sunan wa aka kama ɗakin da nake kwana. Hajara ta ji komai. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba, ta dai fara haɗa kwanuka a kwali. Gobe in na tashi daga aiki zan shiga Lewisham neman wani ɗakin, ga sanyi ya kankama.

Ban sani ba ko da kai ne a bakin wayar nan za ka haura. Na so a ce na bi ka daji ranar nan, da na tambaye ka. Ka yafe mini, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Naka,
Sa'idu, ɗan Audu maharbi