Ruwan Darbejiyar Inna

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Jizan ta Saudiyya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya ƙannena, Mati da Aina'u?

Ni lafiya lau. Feshin maganin ƙwari nake yi a wata gonar tumatir. Tarin da kika ji a waya ba komai ba ne, warin maganin ne kawai yake tsaya min a ƙirji.

Aina'u ta ce tsutsa ta faɗa wa lambunki, har Mati yana shirin sayo magani a Ɗambatta. Don Allah ki hana shi. Ya kirɓa ganyen darbejiya da barkono yadda kike yi, ya jiƙa ya kwana, ya tace, ya yayyafa da tsintsiya. Amma da la'asar fa, kin san shi da gaggawa. Tsutsar za ta gudu, shi kuma ƙirjinsa ya zauna lafiya.

Inna, akwai darbejiya guda a bakin masaukinmu. In na tashi daga aiki nakan tsinki ganye in tauna. Abokan aiki suna ta dariya, wai ba na jin ɗaci. Ni kuwa tsakar gidanmu nake ji a bakina.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Abdulmumini