Safar Hannun da Dorcas Ta Ɗinka

Harlow Falls, Yuni 1884

Yaya Dorcas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki a shagon ɗinkin fata? Ki yi haƙuri da rubutun nan kamar tonon kaji, mijinki Orrin ne ya jawo. Tun da aka sauya dokar besbol, wasan nan namu na ƙwallo da sanda, bana, aka yarda mai jifa ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, ƙwallon Orrin sai ka ce dutse. Jaridu na ta yabonsa, ni kuwa ina tsugune bayan mai bugu da sanda ina cafewa da hannu tsirara. Yatsana na tsakiya na dama ya fashe, ya kumbura suntum. Likita ya ce in ya sake fashewa yanke shi zai yi. Barazana ce kawai! Asabar ta sama muna da babban wasa, kuma duk ƙungiyar ni kaɗai ke iya riƙe jifar Orrin. Don Allah kada Mama ta ji.

Ƙaninki,
Lemuel

*

Lemuel,

Gaisuwa, in har ka cancanta. Barazana? Ashe har yanzu ba ka yi hankali ba. Ina gama karanta wasiƙarka na ɗauki allura. Ga safar hannu nan ta fatar barewa, na cusa auduga a tafin, na rina ta launin fatarka sak, daga nesa ba mai ganewa. Ka sa ta. Na rubuta wa Orrin ya sassauta jifa, ya amsa mini da layi biyu wai in ya sassauta an kore ku duka. To, tunda shi ba zai sassauta ba, kai ka ji tausayin kanka. Da wannan hannun ka ɗauki gawar Baba, ba zan zuba ido ka bar shi a fili ba.

Yayarka da ke cikin damuwa,
Dorcas

*

Yaya,

Ina gaisuwa, saƙo ya iso, kuma ɗinki ya yi kyau. Amma ba ki san mutanen nan ba. Bara wani ya sa irinta, 'yan kallo suka dinga kiransa "amarya" har ya bar garin. A nan namiji da karyayyun yatsunsa yake taƙama. Na gwada ta a ɗaki, na kulle ƙofa kamar ɓarawo. Wallahi da daɗi. Zan sa, amma in aka gane, ban san abin da zan yi ba. Ki yi mini addu'a.

Lemuel

*

Zuwa ga matata Dorcas,

Ina gaishe ki, da fatan wasiƙar nan ta riga jarida isowa.

Lemuel ya sa safar. Har kusan ƙarshen wasa ba wanda ya lura, ni kuma ina jifa hankalina kwance. Sai gumi ya jiƙa fatar ta yi duhu. Mai bugun abokan karawarmu ya waiga, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku zo ku ga 'yar gata! Wa ya ɗinka miki, 'yan mata?" Fili ya kaure da ihu. Har mutanenmu suna dariya.

Lemuel ya miƙe, ya zare ta, ya jefar a ƙasa. Na taka na same shi, na ce, "Mayar da ita." Ya ce, "Koma ka yi jifarka." Na ce, "To zan sassauta." Ya dube ni ya ce, "In ka sassauta, ni da kai mun rabu har abada."

Dorcas, jifa ɗaya ta rage mu ci wasan. Na tsaya da ƙwallo a hannu ina tuna wasiƙarki. Sannan na jefa da dukan ƙarfina. Mai bugu ya kuskure, Lemuel ya cafe, bai saki ba. Na ji ƙarar yatsan daga inda nake.

Mun ci. Ni suka ɗauka a kafaɗa. Likita ya yi aikinsa da yamma. Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Mijinki,
Orrin Vance

*

Yaya,

Gaisuwa da hannun hagu, sai ki yi ta haƙuri. Kada ki riƙe Orrin a zuci, ni na sa shi. Kwana biyu yana zaune bakin gadona ya kasa cin abinci.

Na aika a ɗauko safar a fili, an tattake ta. Ki ɗinka mini wata. Wannan karon yatsa huɗu ya isa. Kuma kada ki wahalar da kanki da launin fata, ki rina ta baƙa wuluk, yadda na kujerar ƙarshe ma zai gani.

Ƙaninki,
Lemuel