Koren Fenti a Rijiyar Baba

Ƙofar Kaura, Katsina,
Litinin, 14 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga ƙanena Mahmud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Madina da ɗanmu Abbas, wanda har yau a hoto kawai na san shi. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a karatun da ya kai ka Ibadan, ya nuna mana ranar da zan kira ka Dakta da gaske, ba da zolaya ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta zauna sosai. Yaya Lawal ya je gonar Batagarawa ranar Asabar ya dawo yana ta washe baki, ya ce gero ya fara fitar da kai. Inna ƙafar ce dai ke matsa mata idan an yi ruwa, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau, kullum sai ta yi mitar cewa boko ya cinye mata auta.

Abin da ya sa na ɗauki biro ba na daɗi ba ne, kuma ina so ka karanta kai kaɗai. Wata biyu da suka wuce wasu mutum uku suka shigo unguwa da farar mota, mai unguwa yana gaba. Suka ce daga wata jami'a suke, suna bincike a kan ruwan rijiyoyi da ciwon cikin yara. Irinku ne dai, masu leƙen ƙwayoyin cuta a madubi. Babbansu wani ne Malam Babaji, dogo mai tabarau, ga ladabi kamar ya zo neman aure. Ka san halina, baƙon da ya zo da murmushi da takarda a hannu ba ya kwanta mini. Tun da sojoji suka koma bariki bara, ba a mako guda wani bai zo rubuta sunayenmu ba, wannan ya ce famfo, wancan ya ce taki, kuma daga ranar ba ka sake ganin ƙeyarsa. Ga shi ƙanen kansilanmu ya haƙa burtsatse a bakin layi yana sayar wa 'yan garuwa. Da na ji an ce rijiya, sai na haɗa wannan da wancan, na ce to, an zo a rufe mana namu mu koma saye.

Yaya Lawal yana shagonsa na Ƙofar Kwaya a ranar, ni na fita zaure na same su. Tambayoyinsu suka ƙara mini zargi. Mutum nawa ne a gidan, sau nawa yara suka yi gudawa bana, nawa muke kashewa a kemis, har da abin da ke shigowa daga shago. Na tambaye shi me ya haɗa ruwan rijiya da aljihun Yaya Lawal. Ya ce duk za su zuba a kwamfuta ne, ta auna abin da ciwo ke ci wa gida da abin da gyaran rijiya zai ci, su nuna wa masu ba da tallafi. Na ce su wane ne masu tallafin, ya ce wata ƙungiya ce ta ƙasar waje. Na ce me ya dami mutumin ƙasar waje da gudawar Ƙofar Kaura. Sai ya yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ƙarasa ɓata shi a wurina.

Daga nan ya nemi izinin shiga ya ɗebi ruwa. Ka san dokar gidanmu tun Baba yana raye, baƙon namiji iyakarsa zaure. Inna ta aiko daga ɗaki cewa ko gwamna ne ba zai wuce ba. A sauran gidaje masu gida suna nan, su suka raka su har bakin rijiya. Mu kuwa sai ya miƙo mini wata 'yar kwalba a rufe, mai lamba a jiki, ya ce in jawo sabon guga in cika, kada yatsana ya taɓa bakinta. Na shiga na tsaya a kan rijiyar. Mahmud, rijiyar da Baba ya haƙa shekarar fari, ya ce sadaka ce, ya yi wasiyya kada a taɓa sa mata makulli, ita ce wani mai tabarau zai zo ya yanke wa hukunci? Sai idona ya kai kan tulun Inna, na ruwan da nake tafasa mata tun rashin lafiyarta na bara, kamar yadda kai ka umarta. Na cika kwalbar da shi, na kai masa. Ya yi godiya ya sa a kula mai ƙanƙara. Wallahi ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi wa 'yan boko wayo.

Bayan mako uku suka dawo da sakamako, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Rijiya goma sha ɗaya suka auna a layukanmu. Goma an samu ƙwayoyin da ke fitowa daga masai, aka shafa musu jan fenti, aka ce kada a sha sai an tafasa. Guda ɗaya ce ta fita tas, kuma ka san ko wacce. Yaya Lawal da kansa ya karɓi koren fenti ya shafa a bakinta, Inna tana kallo tana hawaye, tana cewa albarkar Baba ce Allah ya bayyana. Babu wanda ya yi maganar rufe rijiyar kowa. Har cewa suka yi masu jan fenti za a ɗaure musu da siminti idan tallafi ya fito, ko da yake wannan sai na gani da idona.

To, ka san da gida bakwai ko takwas ne ke ɗiba a wurinmu. Yanzu daga sallar asuba tsakar gidan nan ba wurin taka ƙafa, mata da bokitai har daga bayan masallaci. Wa zai ƙona itace yana tafasa ruwa alhali ga rijiya mai koren fenti kyauta? Inna takan sa a fito mata da tabarma ta zauna tana karɓar addu'a, rabon da in gan ta cikin walwala haka tun rasuwar Baba. Ni kuwa kowane guga aka jawo sai in kau da kai. Domin akwai abin da na sani ban faɗa ba. Maƙwabcinmu na baya ya gina ɗakunan haya shekara biyu da suka wuce, ya haƙa masai a jikin katangarmu, tsakaninsa da rijiyar bai kai taku goma ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi ruwan yakan sauya launi kwana ɗaya ko biyu. Da nakan ce ƙasa ce kawai.

Ranar Alhamis da ta wuce Zainab, 'yar Asabe ta gidan mai wanki, ta kwanta da amai da gudawa. Shekararta huɗu. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, aka kai ta asibiti, yau kwana biyar ana yi mata ƙarin ruwa. Akwai wasu yara biyu a bayan masallaci, su da sauƙi. Dukansu gidajen da suka bar tasu rijiyar ne suka dawo tamu. Ba ni da tabbacin ruwanmu ne, damina ce, yara suna cin abin da suka samu. Ina faɗa wa kaina haka sau goma a rana. Na ɓoye igiyar guga na ce ta tsinke ta faɗa ciki, kafin azahar Inna ta sa an sayo sabuwa. Na ce wa mata su riƙa tafasawa duk da haka, suka ce Malama Suwaiba ta fara rowa tun da rijiyarsu ta yi suna. Da na je dubiya, Asabe ta riƙe hannuna ta ce ta rasa inda yarinyar ta kwaso wannan abu, tun da ita dai ruwan gidanmu kaɗai take ba ta.

Jiya kuma Malam Babaji ya aiko wa Yaya Lawal da saƙo. Ya ce sakamakonmu ya ba su mamaki, ya ƙi daidaituwa da na sauran a lissafinsu, don haka ranar Alhamis za su zo su auna zurfin rijiyar da nisanta da masai, su gano sirrinta, wataƙila a yi koyi da ita. Ban sani ba ko da gaske yake, ko kuwa ya gane ne yana so ya kama ni a gaban mutane. Har yanzu ban yarda da shi ba, kuma har yanzu ina zargin ƙanen kansila ne zai ci ribar wannan abu a ƙarshe. Kai da ka san aikin, gaya mini tsakaninka da Allah, ana iya gane tafasasshen ruwa a madubinku? Takardun da suka cika da sirrin gidajenmu, ina ake kai su, wa ke karantawa? Sai dai ko me amsarka za ta kasance, ta makara. Na yanke shawara ranar Alhamis zan fita zaure in faɗa masa abin da na zuba a kwalbar, a gaban Yaya Lawal, in ce a sake aunawa, a kuma kankare koren nan kafin a san gaskiya. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Malamar makaranta ce ni, iyayen ɗalibaina ne ke layi a tsakar gidanmu.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Ka rubuto wa Inna da hannunka, da gaggawa, ka ba direban da ya kawo maka wannan. Ka yi mata bayani yadda za ta gane, cewa ko an shafa ja, ko an dakatar da ɗiba har a gyara, ba a yanke wa Baba ladansa ba, kuma ba a saɓa wasiyyarsa ba. Idan ni na faɗa, 'yar da ta yi ƙarya ce ke magana. Kai kuwa ko cewa ka yi dutse ya jiƙu za ta yarda. Kada ka wanke ni a wurinta, ban nema ba. Ka dai taimake ni kada abin ya kwantar da ita.

Inna tana sa maka albarka, ta ce a gaya wa Madina ta riƙa rufe wa Abbas kai saboda sanyin kudu. Yaya Lawal da iyalinsa suna gaishe ku, haka Gwaggo Baraka da su Kawu Idi na Batagarawa. Ka sa Zainab a addu'a, an ce yau ta karɓi kunu cokali uku. Asabe ma da ta ji zan rubuto maka ta ce lallai in isar da gaisuwarta, ta ce Allah ya saka wa gidanmu da alheri a kan ruwan da muke ba su, ya kai ladan kabarin Baba. Mata biyar ne a ɗakin asibitin, duk suka ce amin. Ni na kasa.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka Suwaiba.